Hular Yaya Asabe a Gaban Alƙali

Wheaton

Mutumin da ya yi alkawarin tarbar mu a filin jirgi ranar da muka sauka Amurka bai zo ba, kuma har yau bai ga dalilin ba ni haƙuri ba. Abokin yayana ne, mun yi waya tun muna Kaduna, ya ce in kwantar da hankalina, gida zan zo. Muka sauka ni da matata Hajara da 'yarmu da ba a daɗe da yaye ta ba, wadda ta ci sunan mahaifiyata muke ce mata Ummi. Muka zauna a kan akwatunanmu muna bin kowane baƙin mutum da kallo. Wani direban tasi ɗan Gana ne ya ji Hajara tana yi wa yarinyar faɗa da Hausa, ya dawo da baya. Shi ya kai mu Wheaton, kusa da Washington, wurin Hajiya Memuna, 'yar Kumasi mai shagon kayan miya, ta buɗe mana ɗakin ƙasa inda take ajiye buhuna.

Ɗakin ba shi da taga sai wata 'yar kafa can sama, ta cikinta muke ganin takalman masu wucewa. Warin daddawa da busasshen kifi ya kama mana tufafi har mutane suna matsawa a bas. Amma Hajiya ba ta taɓa nuna mun dame ta ba, kuma duk safiya sai ta leƙo daga matakala ta tambayi kwananmu da gajiyarmu da mutanen gida, ɗaya bayan ɗaya. A shekarar farko ita ce kaɗai cikakkiyar gaisuwar da nake samu a yini.

In an tambaye ni me na fi kewa a lokacin, ana jira in ce tuwo. Tuwo ana samu a Wheaton. Gaisuwa na yi kewa. A Kakuri, inda na koyi kanikanci, kafin in isa gareji daga gida bakina ya gaji da amsa lafiya lau. A nan kuwa ka ce wa maƙwabci ina kwana, sai ya dubi hannunka ya ga ko talla kake yi.

Aikin farko na same shi a garejin wani mutum da ba zan faɗi ƙasarsu ba, don kada na kirkinsu su ji haushi. Ya ga hannuna ya yaba, ya ce shi zai tura ni jarrabawar takardar shaidar kanikanci, wadda in babu ita a ƙasar nan ko injin jirgi ka iya kwancewa, sunanka mai wankin mota. Kullum wata mai zuwa. In mai mota ya zo sai ya ce in koma baya in yi shara, shi kuma ya goga baƙin mai a hannu ya fito yana bayanin aikin da bai san ta ina aka fara shi ba. Ranar da na matsa masa da maganar jarrabawa ya sallame ni, ya kuma riƙe akwatin sifanun da na ɗauko tun daga gida, wai na garejinsa ne. Na so in tayar da rigima, Hajiya Memuna ta ce in rufa wa kaina asiri, takarduna ko bushewa ba su yi ba. Na bar masa, amma ban yafe ba.

Laurel

Daga nan muka koma Laurel. Hajara ta samu aikin kula da tsofaffi, ni kuma na zama mai gadi. Wurin da aka tura ni tsohon sito ne da aka mayar gidan wasa, inda ake tseren 'yan ƙananan motocin nan da suke kira kat: ba rufi, ba ƙofa, inji kamar na janareta, direba kuwa kusan a ƙasa yake zaune. Muna nan har Ummi ta shiga firamare. Ranar Asabar Hajara tana aiki, ba mai riƙe mana ita, sai in tafi da ita ta zauna a kujerar gadi da littafinta. Littafin bai taɓa wuce shafin da aka buɗe shi ba.

Manajar wurin mace ce mai kirki, tana barin 'ya'yan ma'aikata su zagaya kafin a buɗe wa jama'a. Ran da Ummi ta fara hawa sai da aka cusa mata matashi a baya kafin ƙafarta ta kai totur, ni ina gefe ina dariya. Kafin shekara ta zagayo na daina dariyar, don ƙattai masu gemu suna fitowa daga mota suna tambayar wace ce wannan 'yar mitsitsiyar da ta wuce su a kwana.

Ni fa likita na zo Amurka in mayar da ita. A masallacinmu yawancin 'yan Arewa likitoci ne da injiniyoyi da malaman jami'a, in an idar da Juma'a kowa yana ba da labarin ɗansa da ya ci gasar lissafi, ni kuma tawa tana warin fetur. Wani dattijo ya taɓa jan hannuna gefe ya ce bai dace 'ya mace ta yi ta gudu cikin maza ba. Na ce masa ya zo ya gan ta cikin kayan tsere: riga daga wuya har idon sawu, safar hannu, wata hular da ba ta cin wuta ta rufe kai da wuya, ga hular kwano a sama, ko matar liman ba ta kai ta rufuwa ba. Bai ƙara yi mini maganar ba, bai kuma ƙara amsa sallamata da kyau ba.

Hajara ta yi kuka, ta yi fushi, ta yi addu'ar Allah ya cire wa yarinyar abin daga rai. Da ta ga abin sai ƙaruwa yake, ta koma zuba mana shinkafa a kula duk ranar tsere, amma ita ba ta zuwa, ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ummi tana jin Hausa sarai, sai dai da Turanci take amsawa kamar sauran 'ya'yan nan. Duk abin da zan ce ta faɗa, ni na mayar da shi harshenmu.

Lanham

Takardar kanikancin na same ta da kaina daga baya, bayan na faɗi sau ɗaya. A wurin jarrabawar na haɗu da Isuhu, mutumin Maraɗi, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran manyan motoci a hanyar Agadas. Dogo ne siriri, ba ya gaggawa a komai sai a fushi. Muka haɗa hannu muka kama wani ɗan gareji a Lanham, bayan wani shagon tayoyi, muna gyara tasi-tasin 'yan Afirka. A nan ne na fara jin kamar na sauke kaya a ƙasar nan.

Ummi ta girma ta fi ƙarfin kat. Mataki na gaba shi ne ƙananan motocin tsere na gaske, masu kujera ɗaya, a wata gasar matasa da ake yi a wani fili cikin tsaunuka, yamma da Washington. Daga wannan gasar manyan kulob-kulob suke tsintar direbobi. Amma tana da iyaka: shekarar da ka cika ashirin ka fita, ko ka taɓa hawa ko ba ka taɓa ba. Ummi tana da sha bakwai.

Kujera a kulob ɗin wasu ta 'ya'yan masu hali ce, ba mu ko tambaya ba. Sai muka ce mu kafa namu. Muka sayi gawar wata mota da ta daki bango, muka kwashe kusan shekara muna tayar da ita bayan mun gama da motocin mutane. Isuhu ya yi walda, ni na yi inji, Ummi ta kankare tsohon fenti har yatsunta suka yi kanta. Muka shafa mata kore da ruwan lemo don kada Najeriya ko Nijar ta yi ƙorafi. Ran da ta fara tashi, mai shagon tayoyi ya fito a guje ya zaci wani abu ne ya fashe. Ban taɓa son wani ƙarfe kamar yadda na so wannan motar ba, kuma ban taɓa ganin fuskar 'yata kamar yadda na gan ta ran nan ba.

Gasar ba ta gwamnati ba ce. Masu kulob-kulob ɗin da ke ciki su ne ƙungiya, su ne masu doka, kuma sabon kulob ba ya shiga sai sun jefa ƙuri'a sun yarda. Wato wanda za ka yi tsere da shi, shi zai ce ko ka isa ka tsaya kusa da shi. Sifetan gasar ya zo har Lanham ya duba motarmu ciki da waje, ya ce ba ta da aibu. Saura ƙuri'a.

Isuhu ne ya kawo shawarar, muna cin abinci a kan bonet ɗin wata tasi.

"Bon, Malam Habibu, mutanen ga ba su san mu ba," in ji shi. "A Maraɗi ko teburin tireda za ka kafa, sai ka bi manyan layi ɗai-ɗai ka gaishe su. Ƙaƙa za mu faɗa musu haka nan, kamar marasa iyaye?"

Gaskiya ya faɗa, har gobe ina cewa gaskiya ya faɗa. Ummi, wadda ita ce mai karanta mana littafin dokokin gasar, ta ce akwai wurin da aka hana ba wa mai ƙuri'a wani abu mai daraja. Na ce mata wannan maganar cin hanci ce, mu kuma gaisuwa za mu je. Cin hanci a ɓoye ake ba da shi, cikin ambulan, ana waige-waige. Mu da rana tsaka za mu je, da manyan riguna, kowa yana gani. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ita dai ba ta sani ba.

Na buga wa Yaya Asabe waya a Zariya. Tun da mijinta ya rasu ɗinkin hula take yi, shi ke riƙe da gidanta. Na ce ina son huluna na kai wa manya. Ta ajiye aikin masu saye ta zauna a kan namu, ta aiko da su ta hannun wani malamin jami'a da ya je hutu. Hajara kuma ta yanka nama falle-falle ta yi mana kilishi a oben, gidan ya kwana biyu yana ƙamshin ƙuli da yaji.

Muka bi su gareji-gareji, wasu a Maryland, wasu a Virginia, ni da babbar riga, Isuhu da rawani. Wani ya karɓa ya ajiye a tebur bai ko buɗe ba. Wani ya yi ta tambaya ko wani addini muke wa'azi. Wanda ya fi kowa fara'a shi ne Randi, mai motoci uku a gasar, duk 'ya'yan masu kuɗi ke hawa. Ya rungume mu, ya kira sakatariyarsa ta ɗauke mu hoto muna miƙa masa hula, muka fito muna cewa wannan ɗan halak ne. Na ƙarshe shi ne Mista Godon, tsoho mai mota ɗaya, matarsa ta rasu, garejinsa bai fi namu ba. Ya kifa hular a kai kamar kwano sai da Isuhu ya gyara masa zamanta. Ya dafa mana kofi, ya ci kilishi hawaye na zuba don yaji, bai kuma fasa ci ba. Shi kaɗai ya tambaye mu ko iyayenmu suna da rai.

Amsar ƙungiya ta zo kafin a buɗe gasar. Ba su karɓe mu ba. Dalili kuwa, wai mun nemi sayen ƙuri'a, ga hoton Randi a matsayin shaida. Suka ƙara da cewa ni da Isuhu da duk direban da ke ƙarƙashinmu an hana mu shiga rumfunan gyara, wato cikin shingen da motoci da kanikawa da direbobi suke zama ranar tsere. Mutum ɗaya ne ya jefa mana ƙuri'a, ba sai an faɗa mini ko wane ne ba. Ummi ta karanta mana har ƙarshe da murya daidai, ta ajiye takardar a kan injin, ta fita ta zauna cikin motar tseren ta daɗe ba ta fito ba.

Kotu

Wani fasinjan Isuhu ne ya haɗa mu da lauya, wata baƙar fata 'yar Baltimore, mai kaifin baki da gajen haƙuri. Ta saurari labarin, da aka zo wurin huluna ta yi dariya, sannan ta dafe kai. Amma ta karɓi shari'ar, don ta ce abin da ƙungiyar take yi ba daidai ba ne tun daga tushe: abokan hamayya ba za su zama su ne masu tsaron ƙofa ba. Ta tono ta gano cewa a shekarun baya waɗanda aka buɗe wa ƙofa, ɗaya surukin wani ne a cikinsu, ɗaya tsohon yaron wani, duk baƙon da ya nema kuwa sai an samo masa laifi. Wani an ce tirelarsa ta yi tsawo, wani an ce ya makara da kwana ɗaya. Ta ce da ba don hulunan ba, da sai su zo suna roƙon mu.

Ni a tunanina shari'a ita ce ka je gaban alƙali ka faɗi naka, ya faɗi nasa, a yanke. Ashe a nan takardu ne suke faɗa da juna, mutane suna gida suna tsufa. Lauyoyin ƙungiya suka nemi a kori ƙarar, aka ƙi. Suka nemi ƙarin lokaci, aka ba su. Suka canza lauya, sabon ya ce sai ya karanta komai daga farko. Gasar wannan shekara ta buɗe ta rufe, motarmu tana ƙarƙashin tamfol. Ummi ta cika sha takwas, ta shiga kwaleji, ta kama aikin kanti da yamma. Da farko tana zuwa gareji duk Asabar ta tayar da injin don kada ya kwanta. Daga baya ta koma zuwa jefi-jefi, sannan ta daina, ni kuma na kasa tambayar ta dalili.

A shekara ta biyu aka kira ni in amsa tambayoyi bisa rantsuwa, a wani ofis can sama a cikin Washington, da dogon tebur da wata mata mai buga duk abin da aka faɗa. Lauyarmu ta ja mini kunne tun a mota: amsa gajeriya, e ko a'a, kada in yi wa kowa lacca. Lauyan ƙungiya, wani matashi mai ladabi, ya buɗe jaka ya fito da hular Randi cikin leda, an manna mata lamba kamar wuƙar da aka yi kisa da ita. Na gane ta, mai zare shuɗi ce, wadda Yaya Asabe ta ce ita ta fi ba ta wahala. Ya tambayi wa ya ɗinka, na faɗa. Ya tambayi ko aikin yini ɗaya ne, na ce ina, makonni ne. Ya tambayi ko ana sayar da irinta, na ce sosai ma, sai mai hali. Ina faɗa ina jin daɗi, ni a ganina yabon yayata nake yi.

Sannan ya ce, "Malam, lokacin da ka kai wannan, kana fatan ta sa su dubi buƙatarku da idon rahama?"

Na ce, "To wa yake gaida mutum don a ƙi shi?"

Na ji lauyarmu ta ajiye biro. Matar nan ta buga, matashin ya yi godiya ya rufe jakarsa. A mota lauya ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ni dai na rantse, kuma abin da ke raina na faɗa. In da za a sake tambayata yau, ban san wata amsar ba.

A makon nan Yaya Asabe ta kira, tana tambaya ko Turawan sun ji daɗin hulunan, ko suna sawa. Na ce mata sun adana su sosai, har a leda suke sa su don kada su yi ƙura. Ta yi ta murna tana sa albarka. Da ta ajiye waya na shiga bayan gareji na yi kukan da ban yi ba tun zuwana ƙasar nan. Na ji ina ma a ce ina Kakuri ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ba wanda ya san ni sai masu gaishe ni.

Ranar da muka tsaya gaban alƙali, abin da lauyarmu ta roƙa shi ne a bar mu mu shiga gasar kafin a gama shari'a, tun da shekarun yarinya ba sa jira. Aka ɗaga hular a ledarta, aka karanta amsata da ƙarfi, kalma bayan kalma. Mista Godon ya zo da sandarsa ya ba da shaida cewa shi kyautar maƙwabci ya karɓa, kuma tasa tana rataye a garejinsa, wanda yake so ya zo ya cire. Alƙalin dattijo ne mai natsuwa. Ya ce tsarin ƙuri'ar nan ya dame shi, ya cancanci a zauna a yi masa shari'a cikakkiya. Amma ba zai tilasta a shigar da mu kafin nan ba, tun da da bakina na amsa cewa ina fatan kyautar ta yi aiki. Ya sa ranar zama a shekara mai zuwa. Ban iya dokar Amurka ba, amma na iya lissafin haihuwar 'yata: ranar ta faɗo bayan ta cika ashirin.

Ba a jima ba ƙungiya ta aiko da tayin sulhu, Mista Godon ne ya yi ta kai-kawo har aka samu. Mu janye ƙara, mu haƙura da kafa kulob har abada. Za a cire sunan Ummi daga hukunci, ta hau motar duk wanda ya ba ta, kuma tsohon ya ce tasa tana nan. Amma hanin da aka yi mini ni da Isuhu yana nan daram. Ranar da ɗayanmu ya taka cikin rumfunan gyara ko ya taɓa motar da take hawa, a ranar za a cire Ummi daga gasar.

Isuhu ya tashi tsaye. "Mun zama ɓarayi ke nan, Malam Habibu. In ka sa hannu, ka yarda uwayenmu hanci suka koya muna."

Lauya ta ce ita tana ganin in muka daure za mu iya ci, kuma duk baƙon da zai zo bayanmu zai samu ƙofa a buɗe. Ta ce amma ba 'yarta ba ce. Na tambayi Ummi, ta ce duk abin da na zaɓa, tana kallon ƙasa. Na kwana biyu ina zagaye, ina cika ina batsewa, ina cewa ba zan bar Randi ya yi dariya ba. Hajara tana ninke kaya ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Baban Ummi, shari'ar nan taka ce ko tata?"

Na sa hannu. Isuhu ya loda injin waldarsa a bayan mota ya tafi Ohio wurin 'yan garinsu. Muna gaisawa da Sallah. Motar kore da ruwan lemo ba ta taɓa taka filin tsere ba, wani ɗan Pennsylvania ya zo ya saye ta don kayan gyara, na shige ciki lokacin da suke ɗora ta a tirela.

Bakin waya

Rabin gasa ya rage lokacin da Ummi ta fara hawa motar Mista Godon, shuɗiya, tsohuwa. Ni kuma na koma ɗan kallo. In sayi tikiti kamar kowa, in hau wani tudu kusa da kwana ta ƙarshe, in tsaya a bakin waya da kular shinkafa a hannu, wadda ba ni da hanyar miƙa mata. Daga nan ina hango rumfuna can ƙasa, ina ganin wasu mutane suna ɗaure wa 'yata bel, suna duba mata taya, suna dafa mata hular kwano kafin ta fita. Da yamma in jira ta a wurin ajiye motoci. Takan fito da murna tana ba ni labari, ni ina gyaɗa kai. Ban taɓa gaya mata yadda abin yake ci na ba. Kishi nake da wani tsoho wanda bai yi mini komai ba sai alheri, kuma na tsani kaina a kan haka.

Ta yi ƙoƙari. Ta fara daga baya, ta matso tsakiya, har aka fara cewa wani mutum daga babban kulob yana tambayar sunanta, zai zo ya gan ta a tseren ƙarshe.

Ranar da abin ya faru rana ce mai zafi, ƙarshen bazara. Tana ta huɗu, tana neman wuce ɗaya daga cikin yaran Randi a kwanar da ke gabana. Ban ce da gangan ya yi ba, tsere ne. Tayarsa ta taɓa tata, shuɗiyar motar ta juya, ta sake juyawa, ta tafi da baya ta daki bangon tayoyi. Ƙarar ta shiga mini har cikin haƙora. Aka ɗaga jar tuta, aka tsayar da tsere. Ban san inda na jefar da kular ba, na gangara tudun nan a guje ina kiran sunan Allah, ina hango Mista Godon ya yar da sanda yana ɗingishi zuwa wurin. Suka ciro ta, suka ɗora ta a gadon ɗauka, suka shige da ita tantin likita da ke tsakiyar rumfuna.

A ƙofar shingen mai gadi ya tare ni. Na ce ni ne uban yarinyar. Ya dubi fuskata, ya san ko ni wane ne, duk masu gadin wurin an nuna musu hotona. Mutumin kirki ne. Ya ce shi ma yana da 'ya, ba zai hana uba ganin 'yarsa a irin wannan hali ba, amma dole ya sanar a rediyo cewa na shiga, aikinsa ke nan. Na ce ya sanar wa duk wanda ya ga dama. Ya sa hannu yana zare sarƙa, sai wayata ta yi ƙara. Lambar Mista Godon ce, amma muryar ta Ummi ce.

"Baba, kana ina?"

"Ina ƙofa, Ummi. Ga ni nan shigowa."

"Kada ka shigo."

"Na ga yadda kika daki bangon nan."

"Hannu ne kawai, likita ya ce wataƙila bai karye ba. Baba, saura tsere biyu. In ka shigo sun cire ni." Ina jin numfashinta, ina jin wani yana ce mata ta kwanta. Sannan ta fashe da kuka irin na lokacin da take ƙarama, ta ce, "Ina so in gan ka. Don Allah kada ka shigo."

Wayar ta katse. Tantin yana gabana, fari, in na yi kira da ƙarfi za ta ji ni. Mai gadin ya riga ya buɗe ƙofar rabi, rediyo a hannunsa, yana jira na.

Na ce masa ya rufe.